Kun Tambaya: Yadda Yahudawa Ke Raɗa Suna da Yadda Suke Canja Shi

Wasiƙun wannan fitowa duka daga karkarar Kano da Jigawa suka zo, kuma batunsu ɗaya: suna a wurin Yahudawa. Kafin a shiga amsoshin, a riƙe abu guda. A wurinsu akwai dokar addini, akwai kuma al'adar da kowace jama'a ta gada daga iyaye, wadda suke kira minhag. Yawancin abin da ya shafi zaɓen suna al'ada ce, shi ya sa ake samun saɓani daga ƙasa zuwa ƙasa. Amma da zarar suna ya zauna wa mutum, rubuta shi daidai a takardun addini doka ce mai tsanani. Bayani muke yi a kan abin da suke aikatawa. Hukuncin abin da ya dace da Musulmi kuwa yana wurin malaman fiƙihu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni wanzami ne, aska gadon gidanmu ce. Na ji an ce Yahudawa ranar suna suke yi wa jariri kaciya. Rana ta nawa ke nan? In kuma yaron bai da ƙoshin lafiya, yaya ake yi da sunan? Daga wani wanzami a ƙasar Jahun.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji haka yake. Kaciyar namiji a rana ta 8 umarni ne a Attaura, a Littafin Farawa sura 17 aya 12, da Littafin Firistoci sura 12 aya 3. Suna kiran ta birit mila, mai yin ta kuma mohel. Raɗa suna a wurin kaciyar al'ada ce da ta daɗe har ta zama ruwan dare, kuma suna danganta ta da cewa a surar da aka umarci Annabi Ibrahim da kaciya, a nan aka canja masa suna daga Abram zuwa Abraham.

Wurin ƙirgen ake yawan yin kuskure. Ranar haihuwa ita ce rana ta 1, don haka wanda aka haifa Talata da rana, Talata mai zuwa ce ranarsa, daidai da yadda ranar suna ke zagayowa a wurinmu. Sai dai ranarsu da faɗuwar rana take farawa. In an haihu Talata da dare bayan taurari sun fito, ɗan Laraba ne, kaciyarsa sai Laraba. In kuwa tsakanin faɗuwar rana da fitowar taurari aka haihu, ana kokwanton wace rana ce, sai a ɗauki ta baya don kada a yi kaciya kafin lokaci. Yin ta kafin rana ta 8 bai cika umarnin ba. Ana yin ta da rana, an fi so da safe. Ko ranar ta faɗo Asabar, wadda ba sa aiki a cikinta, za a yi, matuƙar haihuwa ce da kai. Wanda aka ciro ta hanyar tiyata, da wanda aka ɗaga tasa saboda ciwo, ba a yi musu ranar Asabar.

Tsarin taron shi ne a shigo da jariri a ɗora shi a kujerar da suka keɓe da sunan Annabi Iliyasu, sannan a miƙa shi a cinyar wani dattijo da aka girmama, galibi kaka, wanda ake kira sandak. Mohel ya yi addu'a ya yanke, uba ya yi tasa addu'ar ta shigar da yaro cikin alkawarin Ibrahim, jama'a su amsa da fatan ya girma cikin karatun Attaura da aure da ayyukan alheri. Sai a ɗauki kofin ruwan inabi a yi addu'ar da sunan ke ciki. Mai addu'ar kan tsaya a daidai wurin da ake cewa "a kira sunansa a cikin Isra'ila", uba ya raɗa masa a kunne, shi kuma ya furta a fili: wane ɗan wane. Kafin wannan lokaci gidaje da yawa ba sa faɗa wa kowa sunan. Ana cin abinci bayan an gama, amma babu yankan ragon suna a cikin sharuɗɗan.

Lafiyar jariri tana gaba da ranar. Ciwon shawara shi ne ya fi sa a ɗaga, sai an ga ya sauka. In ciwon ya game jiki ne kamar zazzaɓi, ana jiran kwana 7 cikakku bayan ya warke. Talmud, babban kundin fiƙihunsu, ya ce matar da 'ya'yanta biyu suka rasu saboda jinin kaciya ba a yi wa na ukun. Game da suna, in jinkirin na 'yan kwanaki ne ana jira. In zai yi tsawo, kamar bakwainin da ke kwance a asibiti, da yawa kan raɗa masa suna a majami'a, wato wurin ibadarsu, tun kafin kaciya domin a samu sunan da za a yi masa addu'a da shi. Jaririn da ya rasu kafin kwana 8 ma ba a binne shi babu suna. Ana yi masa kaciya kafin binnewa, a sa masa suna, da fatan a kira shi da shi ranar tashin matattu.

Tambaya: To 'ya mace fa? Tunda ba a yi mata abin da ake yi wa namiji, yaushe ake raɗa mata? Kuma uwa tana da ta cewa wajen zaɓe? Daga wata ungozoma, Tsanyawa.

Amsa: Sannu da aiki, Inna. 'Ya mace ba ta da ƙayyadaddiyar rana. A majami'a ake raɗa mata suna lokacin karatun Attaura, wanda ake yi Litinin da Alhamis da Asabar, da ranakun sabon wata da na idi. Ana kiran uban ya hau wurin karatu, bayan an karanta kasonsa sai a yi addu'ar samun lafiya ga mai jego, a ambaci sunan jaririyar a ciki. Wannan karatu yana buƙatar jama'a ta mutum 10 baligai, abin da suke kira minyan, kuma a wurin masu riƙon gargajiya maza ne 'yan shekara 13 zuwa sama. Wasu na hanzartawa a karatun farko bayan haihuwa, wasu na jiran Asabar saboda jama'a ta fi cika, wasu kuma sai uwar ta ji ƙarfin zuwa da kanta. Yahudawan da suka fito daga Andalus da ƙasashen Larabawa suna da biki na musamman mai suna zebed habat, a gida ko a majami'a, inda ake karanta ayoyi daga Waƙar Waƙoƙi. Daga shekarun 1970 wasu a Amurka suka faɗaɗa bikin 'ya mace don ya kusanci na namiji a girma.

Zaɓe haƙƙin iyaye biyu ne, kakanni shawara kawai suke bayarwa. A wasu al'ummomin uwa ce ke zaɓar na ɗan fari daga danginta, uba ya zaɓi na biyu. A wasu kuma dangin uba ne kan gaba. Lokacin haihuwa ma yakan ja suna: wanda ya zo a idin Furim, na tunawa da yadda Mordekai da Sarauniya Esta suka ceci Yahudawa, a sa masa Mordekai, mace Esta, na ranar azumin tunawa da rushewar Haikalin Ƙudus a sa masa Menahem, wato mai ta'aziyya. Mai Azumi da Tasallah a gida ba zai yi mamakin wannan ba.

Tambaya: A wurinmu in ɗanka ya yi maka takwara abin alfahari ne, sai a sakaya sunan da Abba ko Baffa. Wani ya ce mini Yahudawa haramun ne su sa wa jariri sunan mai rai. Me ya sa? Daga wani dattijo a Gwaram.

Amsa: Baba, wanda ya gaya maka rabin labarin ya sani, kuma ba haramci ba ne, al'ada ce. Yahudawa manyan rassa biyu ne a wannan batu. Akwai Ashkenazi, waɗanda kakanninsu suka zauna a Jamus da Foland da Rasha. Akwai Sefardi, zuriyar waɗanda aka kora daga Sifen a 1492 suka bazu a Maroko da Turkiyya da Siriya da sauransu, kuma Yahudawan ƙasashen Larabawa da dama sun yi tarayya da su a al'ada.

Ashkenazi ba sa sa wa jariri sunan ɗan'uwa mai rai, mamaci suke mayarwa. A wurinsu yi wa mai rai takwara kamar nuna an ƙosa da zamansa ne. Sefardi kuwa irinmu ne, har da tsari: ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uba, na biyu a koma dangin uwa, ko kakannin suna raye. Kakan da aka tsallake yakan ji an rage masa daraja. Rigima takan tashi ne idan an yi auratayya tsakanin rassan biyu, kakan Sefardi yana jiran takwara, kakar Ashkenazi kuma tana ganin abin mugun fata. Abin da malamansu kan ba da shawara mai sauƙi ne kuma mun ga dacewarsa: a tambayi mai sunan. In ya yarda, kuma al'adar gidansa ce, a sa. In yana ƙi, a bar shi.

A wurin Ashkenazi akwai wasu ƙulle-ƙulle da ke biyo baya. In kakan da ya rasu sunansa ɗaya da uban jaririn, ba za a mayar ba. In kakanni biyu suna ɗaya ne, ɗaya ya rasu ɗaya na raye, yawanci a haƙura ko a nemi izinin mai ran. In wanda ake son mayarwa ya rasu da ƙuruciya ko ta mummunar hanya, sai a haɗa sunansa da wani, misali na dattijon da ya yi tsawon rai, ko a ƙara Hayim, wato rai. Waɗanda 'yan Nazi suka kashe a Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, malamai da yawa sun ga mayar da sunayensu girmamawa ce, kuma an mayar da su sosai. In mace ce ta rasu aka haifi namiji, ana neman suna mai ma'ana ɗaya, kamar Haya da Hayim. A Amurka wasu harafin farko kawai suke riƙewa.

Abin da dukansu suka haɗu a kai shi ne gudun sunan azzalumi. Talmud ya kafa hujja da Littafin Karin Magana sura 10 aya 7, inda aka ce sunan mugaye zai ruɓe. Ba za ka ji mai riƙon addini ya sa wa ɗansa Haman ba. Sunan Yishma'el kuwa, wato Isma'ila, ɗaya daga cikin manyan malamansu na ƙarni na 2 ne ke ɗauke da shi.

Akwai kuma batun da ya shafi aure. Wani malami a Jamus, Yehuda HeHasid, wanda ya rasu a 1217, ya bar wasiyya cewa kada mutum ya auri mai sunan mahaifiyarsa, kada kuma ango ya zama takwaran surukinsa. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne doka ta hana mutum kiran iyayensa da sunansu, to yaya zai riƙa ƙwala wa matarsa kira da sunan uwarsa a gabanta? Duk wanda ya san alkunya ya gane wannan. Ba kowa ke bin wasiyyar ba. Masu bi kan warware ta da ƙara wa amarya suna tun kafin biki, a riƙa kiran ta da shi. In ɗaya daga cikinsu dama tana da suna biyu, da yawa ba sa ganin matsala.

Tambaya: Ina ganin Bayahude da sunan Turawa, sai kuma a ce yana da wani suna na daban. Wanne ne na gaskiya? Daga wani ɗalibin sakandare, Ɓaɓura.

Amsa: Duka biyun nasa ne, aikinsu ne ya bambanta. Akwai sunan addini na Ibrananci, wanda aka raɗa masa, akwai kuma sunan yau da kullum, da suke kira kinnui. Na addini ba ya ɗauke da sunan zuriya. Sunan mutum ne, sai "ben" ga namiji ko "bat" ga mace, sai sunan uba: Moshe ben Amram, Musa ɗan Imrana ke nan. In daga zuriyar Annabi Haruna yake a ƙara HaKohen, in daga ƙabilar Lawi a ƙara HaLebi. Da wannan ake kiran sa karatun Attaura, shi ake rubutawa a takardar aure da ta saki da dutsen kabari. Wurin addu'ar neman waraka ne ake sauya sunan uba da na uwa.

Riƙe suna biyu tsohon abu ne. Sarauniya Esta, sunanta na gida Hadassa ne. Daniyel an kira shi Belteshazza a fadar Babila. A Turai sai wasu sunaye suka riƙa tafiya biyu-biyu, yadda Abubakar ke tafiya da Garba, Usman da Shehu, Umaru da Sanda. Yehuda yana tafiya da Leib, zaki, domin a Farawa sura 49 Annabi Yakubu ya kwatanta ɗansa Yahuza, wato Yehuda, da zaki. Binyamin da Wolf, kyarkeci, Naftali da Hirsh, barewa, daga wannan surar dai. Tare da haka malamansu na yawan tunatarwa da wata tsohuwar ruwaya da ke cewa ɗaya daga cikin abin da ya sa aka kuɓutar da Bani Isra'ila daga Masar shi ne ba su canja sunayensu ba.

Sunan zuriya a wurin yawancin Ashkenazi hukuma ce ta tilasta shi, don haraji da ƙidaya da ɗaukar soja: daular Ostiriya a 1787, Faransa ƙarƙashin Napoliyon a 1808, Furushiya a 1812. A 1938 gwamnatin Nazi ta yi dokar da ta wajabta wa Yahudawan Jamus waɗanda sunansu bai nuna su ba su ƙara Isra'el ga namiji, Sara ga mace, don a gane su a ware su. Daga baya a Isra'ila 'yan siyasa da dama sun mayar da sunayensu na Ibrananci: Dabid Grun ya zama Ben-Gurion, Golda Meyerson ta zama Golda Meir a 1956. Irin wannan canji na takardun hukuma bai taɓa sunan addini ba.

Tambaya: Wanda ya shiga addininsu, ko Bayahuden da iyayensa ba su raɗa masa na Ibrananci ba, yaya yake yi? Daga wata malamar firamare, Kibiya.

Amsa: Malama, mai shiga shi ke zaɓar sunansa, a sanar da shi bayan ya yi wankan nutso a gaban kotun malamai 3. A wurin sunan uba ana sa Abraham, wasu su haɗa da Sara, domin ana lissafa shi cikin 'ya'yan Ibrahim. Mata da yawa kan zaɓi Rut, mahaifiyar kakan Annabi Dauda, wadda ita ma shigowa ta yi. Wanda aka haifa Bayahude bai da suna kuwa, ko ya tsufa yana iya zaɓa, a sanar a majami'a lokacin karatun Attaura, ya fara amsa shi.

Tambaya: Allah ya gafarta malamai. Na karanta cewa in ciwo ya tsananta suna canja wa majiyyaci suna. Ina suka samo wannan, kuma yaya ake yi? Daga wani malamin Islamiyya, Sumaila.

Amsa: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Suna kiran sa shinui shem, kuma tushensa yana Talmud, a babin Rosh Hashana shafi na 16. A can aka ce abubuwa 4 ke yage mummunan hukuncin da aka yanke wa mutum: sadaka, kuka ga Allah, canja suna, da canja aiki. Wasu suka ƙara canja wurin zama. Hujjar canja suna ita ce Saratu, wadda aka mayar da sunanta daga Sarai zuwa Sara, sannan aka yi bushara cewa za ta haihu.

A bakin jama'a za ka ji ana cewa don a ɓatar da mala'ikan mutuwa ne, ya zo neman wane ya tarar da wani. Manyan malamansu ba haka suka fassara ba. Musa bn Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya sa canja suna cikin hanyoyin tuba: mutum yana shaida cewa shi wani ne daban, ba wanda ya aikata waɗancan ayyuka ba. A ganinmu wannan fassara ta fi dacewa da nassin, tunda an jera suna tare da sadaka da addu'a da gyaran aiki, ba shi kaɗai ba. Kuma ba ya maye gurbin asibiti. A dokarsu ceton rai yana ture har hutun Asabar.

Ba don kowane ciwo ake yi ba, sai wanda ake tsoron rai a kansa, kuma sai an shawarci malami. Galibi ba a cire tsohon suna, ƙari ake yi. Suna da misali biyu a Attaura. Na Ibrahim musanya ce gaba ɗaya, har Talmud ya hana a koma kiran sa Abram. Na Yakubu ƙari ne, an ba shi Isra'ila amma Yakubu bai ɓace ba. Na biyun ake bi wa majiyyaci, domin wasu malamansu na ganin sunan da aka raɗa wa mutum yana da alaƙa da ransa, bai kamata a tsinke shi ba.

Ga yadda ake yi. A tara mutum 10, a fitar da sadaka da sunan majiyyacin, a karanta surori daga Zabura. Sura ta 119 tana da kashi 22, kowane kashi aya 8 da ke farawa da harafi ɗaya na Ibrananci, don haka akan zaɓi kason da ya yi daidai da haruffan sunansa a karanta bi da bi. Sai a yi addu'ar waraka a ambaci sabon suna, a roƙi a ɗauke shi kamar sabon haihuwa wanda hukuncin baya bai hau kansa ba. Sunayen da aka fi ƙarawa su ne Hayim ga namiji, Haya ga mace, da Refa'el, wato Allah ya warkar. A gabashin Turai akan sa Alter ko Alte, tsoho ko tsohuwa, da fatan a tsufa, kuma gidan da 'ya'ya ke yawan rasuwa ma kan kira jariri da shi. Wasu kan buɗe littafi mai tsarki su ɗauki sunan salihin farko da ido ya faɗa a kai. Sabon suna gaba yake shiga: Yosef ya zama Hayim Yosef, ba Yosef Hayim ba.

Inda dangi ke yawan sakaci shi ne bayan taron. Suna ba ya zama sai an yi amfani da shi, kuma ma'aunin da aka fi sani kwana 30 ne. In majiyyaci ya warke aka ci gaba da kiran sa da sabon suna, ya zauna masa har abada, a takardu da kabari da sunan 'ya'yansa, ko da daga baya wani ciwon ya ɗauke shi. In ya rasu a wannan ciwon bai tashi ba, mafi yawan malamai na ajiye ƙarin a koma tsohon suna. Mai wuyar ita ce ta uku: ya warke, amma kowa ya koma kiran sa da tsohon suna, shi ma ya manta. Shekaru su shuɗe, a zo rubuta takardar aure ko saki, a rasa wanne za a sa. Don haka ake son a rubuta ranar da aka yi canjin, a kuma riƙa kiran sa karatun Attaura da cikakken sunan.

A Musulunci abin da ya tabbata shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canja sunaye saboda ma'anarsu, kamar Barra da ya mayar Zainab. Wannan dalili daban ne da na Yahudawa a kan majiyyaci, kada a cakuɗa su.

Tambaya: Aikina rubuta takardu a kotu, kuma kullum ina ganin yadda harafi ɗaya ke hana mutum haƙƙinsa in sunan katin ɗan ƙasa ya saɓa da na banki. An ce a wurin Yahudawa kuskuren suna yana ɓata saki. Har haka abin ya kai? Daga wani magatakarda, Ringim.

Amsa: Ya kai, Malam, kuma nan ne sassaucin al'ada ke ƙarewa. A wurinsu babu saki da baki. Bisa Littafin Maimaitawar Shari'a na Attaura, sura 24 aya 1, sai miji ya ba matar takarda a hannu, wadda ake kira get. Marubuci ƙwararre ne ke rubuta ta da hannu, layi 12, yawancinta da Aramiyanci, kuma dole a rubuta ta domin wannan miji da wannan mata tun daga harafin farko. Ba a ajiye takarda da gurbi a cike suna daga baya. Shaidu 2 su sa hannu, a miƙa a gaban shaidu. Garin da aka rubuta ma ana bayyana shi da kogi ko ruwan da yake kai, don kada a rikita shi da wani mai irin sunansa.

Mishna, tsohon kundin dokokinsu wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ta ce in an canja sunan miji ko na mata ko na garinsu, sakin bai yi ba. Nauyin abin ya fito ne daga abin da ke biyo baya. Matar tana nan a matsayin matar mijin farko. In ta sake aure ta haihu, ɗan yana shiga rukunin da ake kira mamzer, wanda aurensa cikin sauran jama'a ke da tsananin ƙunci, kuma matsalar na bin zuriyarsa. Saboda haka binciken suna yakan ci lokaci kafin a ɗora alƙalami.

Malaman kotun kan tambayi kowannensu: wane suna aka raɗa maka, da wanne ake kiran ka a majami'a, me matarka ke kiran ka, me abokan aiki ke kira, yaya kake sa hannu, an taɓa ƙara maka suna a ciwo? Sai a maimaita tambayoyin game da mahaifin kowannensu. Tun zamanin Rabban Gamliyel Babba, jagoran malamansu a ƙarni na 1, aka tsara cewa a game duk sunan da mutum ke da shi, domin akan samu mai suna ɗaya a wannan gari da wani a wancan. A aikace yau ana jera su: sunan Ibrananci da farko, sai kalmar da ke nufin "wanda ake kira", sai sunan yau da kullum. Laƙabin da jama'a suka saba da shi yana shiga ko ba ya cikin fasfo. Sunan da aka daina kira kwata-kwata kuma ana iya barin sa. Ma'auninsu shi ne abin da mutane ke kiran mutum da shi a zahiri.

Sannan ga rubutun haruffa. Sunan Turanci ko na Larabci sai an mayar da shi haruffan Ibrananci bisa yadda ake furta shi a garin, kuma sunan Ibrananci kansa wani yana da siga biyu, kamar Yeshaya da Yeshayahu. Kundin Shulhan Aruk na Yosef Karo, wanda aka fara bugawa a birnin Benis na Italiya a 1565, ya keɓe babi guda a kan sunaye a takardar saki, malaman baya kuma suka tattara jerin sunayen maza da mata da yadda ake rubuta kowanne. In garin yana da mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, ana ƙara sunan kaka ko wata alama da ta raba su. In an bincika aka kasa yanke wace siga ce daidai, akan rubuta takarda biyu, kowace da siga ɗaya, a miƙa su ɗaya bayan ɗaya.

Takardar aure, wadda suke kira ketuba, ba ta kai wannan tsanani ba. In an gano kuskuren suna a cikinta auren bai ɓaci ba, ana rubuta wata ta maye gurbinta a gaban shaidu, a ambaci cewa an samu kuskure a ta farko.